Inna, Na Koma Yin Rakiya

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya Hadiza ta Soron Ɗinki.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa cikin ladabi, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin ni'ima da yalwar makwanci. Mu nan lafiya lau muke, sai kewarki da ta ƙi tsufa. Na san wasiƙa ba ta isa inda kike, amma akwai maganar da ban iya yin ta da kowa ba sai ke, don haka masu leƙowa su yi min uzuri.

Inna, 'yarki ta fara salla a kan kujera. Tun bara gwiwoyina suka ƙi lanƙwasuwa, in na sunkuya sai in ji kamar ana soka min allura. Aka kawo min farar kujerar roba aka ajiye a kan dardumata, goshina ya yi watanni bai taɓa ƙasa ba. Malamai sun ce Allah Ya yi rangwame ga mai larura, kuma na yarda. Amma ke kin haye tamanin kina sujada, ni ko sittin ban kai ba. Wallahi abin yana ci min rai.

Na je asibiti. Likitar yarinya ce, ba za ta girmi 'yata Ummi takwararki ba, amma ba ta ɓoye min komai ba. Ta ce jiki ya yi nauyi, zama ya yi yawa, magani kaɗai ba zai yi ba, sai na riƙa tafiya a ƙafa kullum. Ta ce in na yi wasa, kujerar nan ba a salla kaɗai za ta tsaya ba.

Na shiga tunanin inda zan samo lokacin. Tun da aka ba ni shugabancin makarantar 'yammata, rayuwata daga kujerar mota sai kujerar ofis. Ga taron malamai, ga iyayen yara, ga jarrabawa, ga baƙi daga ma'aikata da ba sa sanar da zuwansu. In na dawo bayan la'asar ga abincin Malam, ga jikoki an jibge min. Tafiyar da nake yi a yini ba ta wuce daga bakin lungu, inda mota take ajiye ni, zuwa zauren gida.

Duk da haka na gwada. Wata safiya da gari ya fara haske na ari takalmin kambas na Ummi, na zura hijabi, na fita ina sauri kamar yadda likita ta ce. Ban wuce gida biyu ba Hajiya Talatu, maƙwabciyarmu da kika sani da kunnen jin labari, ta leƙo ta gan ni. Sai ji na yi ta ce, "Innalillahi! Wa ya rasu?" Ban ma ankara ba ta suri mayafi ta biyo ni. Kafin in kai bakin titi mata uku ne a bayana suna salati.

Ban ga laifinsu ba. Kin fi ni sani, a cikin birni babbar mace ba ta sauri da sassafe sai rasuwa ko naƙuda. Da na tsaya ina haki na ce musu motsa jiki nake yi, Talatu ta dube ni sama da ƙasa, ta tsaya a kan takalmin, ta ce, "Yanzu don Allah saboda wannan na bar koko a wuta?"

Na sake gwadawa a babban titi, can ma ban tsira ba. Duk mai A Daidaita Sahu sai ya rage gudu ya tambaye ni ina zuwa. Wata tsohuwar ɗalibata ta taka birki, ta rantse ba za ta wuce Malama tana tafiya a ƙasa ba, ta kwaso ni ta dire a ƙofar gida. Na mayar wa Ummi takalminta na haƙura.

Ana nan sai wata ƙawata ta makaranta ta zo gaishe ni. Da ta tashi tafiya, daga inda nake zaune na ce mata ta gaida gida. Ta fita, labule ya koma, sai na ji maganar tawa ta yi min wani iri a kunne. Inna, ke ba ki taɓa sallamar baƙo daga zaune ba.

"Bari in taka miki." Da mun ji kin faɗi haka kina yafa mayafi, mun san tuwon dare zai makara. Taka wa baƙo a wurin kowa iyakarsa zaure ko bakin lungu. A wurinki kuwa sai inda hira ta ƙare, kuma hirarki ba ta saurin ƙarewa.

Na fi tuna ranakun da Iya Falmata take zuwa, aminiyarki Babarbariya ta unguwar Sheshe. Ki raka ta har ƙofar gidansu, ina biye da ku da kwanon da kika zuba mata dambu. Ita kuma ta ce ai ba kya koma ke kaɗai ba, ta juyo ta rako mu. A kusurwar ƙaramin masallacin nan kuke tsayawa kuna gardamar wacce za ta fara juyawa, ni kuma ina sauya ƙafa don gajiya. In mun shigo, Baba yakan ɗago daga kan buzunsa ya ce, "An dawo daga rakiyar, ko ruwa aka zo sha a koma?"

Haka kike zuwa Ƙofar Wambai sayen kwanuka da robobi, ki ɗoro kayanki a ka ki dawo. In an ce ki hau mota sai ki ce, "Ƙafar tawa ce, ba arowa na yi ba." Ga daka, ga jan guga, ga wanki a tsugune. Ban taɓa jin kalmar motsa jiki a bakinki ba, kuma ban taɓa jin kin ce gwiwa ba.

Washegari a makaranta wani uba ya zo kan maganar 'yarsa. Da muka gama na miƙe na ce bari in taka masa. Ya yi ta cewa in bari, na raka shi har bakin get, na dawo ta bayan azuzuwa. Tun daga ranar duk wanda ya shigo ofishina sai na taka masa, ko mai kawo alli ne. Malamai suka fara ƙus-ƙus, wasu na cewa Malama ta yi sanyi, wasu na cewa siyasa za ta shiga. Na bar su da zatonsu.

A unguwa ma haka. Na gane mai rakiya ba a tambayar ta ina za ta, in tana dawowa ita kaɗai kuma ta ce rakiya ta yi, sai a ce madalla. Har Talatu ina takawa, ga shi katanga ɗaya ce tsakaninmu, don haka ta lungun baya nake zagayawa da ita. Tana mita tana bi na, don ba ta son a katse mata labari.

Da farko na sha wuya. Ƙafafuna suka kumbura, kullum sai na gasa su da ruwan zafi. Wani lokaci aiki ya danne ni in yi kwanaki ban taka wa kowa ba. Amma a hankali na lura ina hawa benen makaranta ban tsaya a tsakiya ba.

Asabar ɗin da ta wuce na ce bari in je Sheshe da ƙafata in gaida Iya Falmata. Tana nan da ranta, Inna, sai dai ido ya tafi. Ina cikin zaure, ban kai ga yin sallama ba, na ji ta daga ɗaki ta ce, "Hadiza?" Sannan ta ce, "A'a, Hadiza ta tafi. To wace ce ta ɗauko takunta?" Na yi sallama na shiga, na ce mata Bilkisu ce.

Muna hira aka kira la'asar. Ɗakinta yana nan yadda kika san shi, tabarma da ƙamshin turaren wuta, babu kujera ko ɗaya. Na ji nauyin in ce a nemo min a gaban tsohuwar da ta goya ni, ita da take kai goshinta ƙasa har yau. Na tayar da kabbara. Na yi ruku'u, na sauka a hankali, gwiwoyi suna ƙara, har goshina ya sauka a kan tabarma. Na daɗe ban ɗago ba, kuka nake yi.

Tashin bai yi kyan gani ba, sai da na dafa bango. Ban warke ba tukuna, a gida har yanzu wata sallar a kujera nake yin ta. Amma na kai ƙasa, kuma ke na fara son in gaya wa.

Inna, kin raka mutanen birnin nan iya ƙarfinki. Ranar da aka ɗauke ki kuwa, maza ne suka tafi da ke, ni iyakata zaure, ina kallo har kuka sha kwanar lungu. Wannan ce rakiyar da na fi so in yi mai nisa, ita ce kuma ba a ba ni ba. Shi ya sa a sujadar nan ban roƙa wa gwiwata komai ba, sunanki na yi ta kira.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya sanya kowane takun da kika yi don girmama baƙo a mizaninki. Allah Ya haɗa ki da Baba a Aljannar Firdausi. Ni kuma Ya bar min goshina a ƙasa har ranar da za a taka min zuwa inda kike. Amin.

Taki har kullum,
Bilkisu, 'yar riƙon kwanonki.