Birkin da Aka Sayar wa Ɗana a Falona

Zuwa ga Alhaji Tanimu, mai garejin motocin tsere a Manchester, kuma dattijo a ƙungiyarmu ta Hausawa mazauna Ingila.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka da girmamawa, da fatan kana lafiya, kai da Hajiya da yara da ma'aikatanka. Ni ce Rabi, matar amininka marigayi Malam Isa, mahaifiyar Abba, daga Sparkbrook a Birmingham.

Ban so maganar nan ta fita daga gida ba. Amma tunda ka ga ya dace ka saki saƙon murya a zauren ƙungiya na waya, inda maza da mata da 'ya'yanmu duk suke ji, ka ce na yi magana biyu na kunyata dattawa, to a inda ka yi taka a nan zan yi tawa.

Na ɗaya. Kowa ya san Abba yana da mota 'yar Jamus mai ƙofa biyu. Guminsa ne, da aikinsa na ɗakin hoto a asibitin Edgbaston ya saye ta, kuma ban taɓa yi masa gorinta ba. Abin da na hana, bayan na ji ya fara zuwa, shi ne kai ta filin tsere, inda mutum zai biya kuɗi a bar shi ya yi ta zagaye da gudun da hukuma ta haramta a kan titi. Da na hana, yaron nan bai ɗaga ido ya kalle ni ba, domin ba haka mahaifinsa ya rene shi ba. Ya yi abin da ɗan mutunci yake yi a wurinmu idan uwa ta kafe: ya nemi babba ya zo ban baki. Kai ya zaɓa, saboda kai ka tsaya a kan jana'izar mahaifinsa tun daga wanka har kabari.

Na biyu. Ka zo gidana bayan ƙaramar salla, tare da Malam Ɗanjuma na Handsworth a matsayin shaida. Kun ci tuwona, kun yi wa marigayi addu'a har na yi hawaye. Sannan ka kawo maganar. Ka ce yaran yanzu in an hana su fili a babbar hanya za su yi, gara filin, babu mai tafiya a ƙasa, babu motar da ke tahowa ta gaba. Ka ce haɗarin wurin ɗaya ne tak, shi ne birki, domin faifan ƙarfe da motar ta zo da shi yana gajiya idan ya yi zafi. Ka ce akwai wani iri da ake kira kabon siramik, wanda zafi ba ya kashe masa ƙarfi. Kalmominka suna kunnena har yau: "Hajiya, da wannan birkin, ko fiffike motar ta yi sai ta tsaya."

Na ce idan an sa shi na amince, na kuma sa albarka. Wace uwa ce za a ce mata birki ta ce a'a? Abin da kunnenta yake ji shi ne tsayawa.

Abin da ba ka faɗa ba a wannan zama shi ne garejinka ne zai sayar da birkin, garejinka ne zai ɗaura shi, kuma sunan garejinka ne za a manna a ƙofar motar kowa ya karanta a fili. Ba na maganar kuɗin, ban tambaya ba, ba kuma na son sani. Ina maganar al'ada. Wanda ya zo ban baki yana zuwa ne hannu sake, ba shi da ci a ciki, shi ya sa ake jin nauyinsa a sauko. Dillali kuwa tun daga bakin ƙofa yake faɗin cewa shi dillali ne, a yi ciniki da shi ido buɗe. Kai ka shigo da rigar wancan ka yi aikin wannan. Na tambayi Malam Ɗanjuma daga baya, ya rantse shi ma bai sani ba.

Na uku. Ga yadda na gano. Wata safiya mai sanyi Abba ya ɗauke ni zuwa wurin likita. Duk danjar da muka tsaya a Stratford Road sai motar ta yi wani ƙara kamar ana wasa wuƙa, har masu jiran bas suna waiwayowa. Na ce sabon birki ne yake wannan kuka? Ya ce ba matsala ba ce, irinsa sai ya ɗauki zafi yake nuna kansa, tafiyar cikin gari ba ta ishe shi. Na tambaye shi wace irin tafiya ce take isarsa. Sai ya kama gyaran madubi. Ni na haife shi, na san yadda yake kauce wa tambaya.

Na huɗu. Gani ya kori ji. Ranar da zai koma filin, na sa ƙanwarsa Safiya ta tuƙa ni muka bi shi, da saninsa. Farkon abin da idona ya sauka a kai motar asibiti ce a ajiye, ma'aikatanta suna shan shayi suna jira. Alhaji, duk wasan da sai an ajiye motar asibiti kafin a fara shi, ya riga ya faɗi sunansa. Na zauna a benci ina kallon wata kwana da aka jera tsofaffin tayoyi a bayanta. A gabana motar wani Bature ta juya ta faɗa cikin tsakuwa, Allah ya taƙaita ya fito da ƙafarsa.

Da Abba ya fito ya cire hular kwano, fuskarsa cike da murna, ya manta da wa yake magana. Ya nuna mini allunan da aka kafa kafin kwanar, ya ce, "Umma, da a wancan na nesa nake taka birki. Yanzu sai na zo na kusa da kwanar." Ya ƙara da cewa tsohon birkin in ya yi 'yan zagaye sai ya yi laushi, dole ya fito gefe ya jira ya huce. Sabon kuwa ba ya laushi, sai dai mai ya ƙare.

A nan na fahimci abin da na sa wa albarka. Tsohon birkin nan da ka kushe a falona, shi ne yake korar ɗana daga fili ya zauna ya sha ruwa. Naka ya cire masa dalilin fitowa, ya kuma matsar da shi kusa da bangon tayoyi da gudun da bai taɓa kaiwa ba. Ban ce kayanka jabu ne ba. Birkin yana da kyau, aikin hannunka ma Abba ya yabe shi. Kyawunsa ɗin ne abin tsorona, kuma kai da ka shekara kana wannan sana'a ka san haka tun kana tauna tuwona. Rabin gaskiya ka faɗa mini, rabin da zai sa in ce to.

Kafin mu bar wurin na gaya wa Abba na janye amincewata. Ya tuƙo motar a hankali a bayanmu har Birmingham.

Na biyar, saƙonka. Ka ce magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Haka ne, idan an san abin da ake zara. Ko a ciniki, wanda aka ɓoye wa aibi yana da damar warwarewa, malamanmu suna nan a tambaye su. Ka ce mata ba su san inji ba. Gaskiya ne, sakandare na gama, ban san cikin inji ba, kuma abincin yara nake rabawa a firamare. Amma ba sai na san inji zan gane bambancin allo na nesa da na kusa ba. Ka kuma ce a ƙasar nan yaro in ya balaga ba a iko da shi. Na fi ka sanin wannan, ni da na rene biyu a nan ni kaɗai. Babu dokar da ta ba ni ikon hana shi, ban kuma nemi wata doka ba. Maganata kawai nake da ita, ita ce ka zo nema da kanka daga Manchester lokacin da kake buƙatarta. Ba yau za ka ce ba ta da daraja ba.

Abin da nake nema a wurinka ga shi. Ka daina kiran Abba a waya kana tuna masa zagaye na gaba da yake tafe a ƙarshen watan nan, kana ce masa an riga an sa sunansa. Ka cire sunan garejinka daga ƙofar motarsa, ɗana ba allon talla ba ne. Ka koma zauren da ka yi magana ka faɗa wa jama'a, da muryarka, wane ne ya sayar da birkin. Ina kuma roƙon shugabannin ƙungiya da su tsayar da ƙa'ida: duk wanda za a aika gidan wani ban baki, a fara tambayarsa ko yana da ci a maganar. Ga iyaye mata 'yan'uwana kuwa, idan an zo muku da abin da aka ce na tsaro ne, ku tambaya: idan an sa shi, yaron zai rage ne ko zai ƙara?

Motar tana ƙofar gidana. Makullin yana aljihun Abba, ban karɓa ba, ba kuma zan karɓa ba. Ban yi masa baki ba, Allah ya tsare ni da haka. Har yau bai gaya mini ko zai je ko ba zai je ba, ina ganin yadda yake juya abinci a kwano idan wayarka ta shigo. Idan ya je, ya je ba da yawuna ba, ya san haka, yanzu kuma duk wanda ya karanta wannan ya sani. Ko dattawan Ingila kaf za a tara mini, a'a ɗin nan ba za ta sake zama to ba.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya shirya maka zuri'a, ya tsare su a kan hanya. Allah ya yi wa kasuwarka albarka, ya kawo maka masu saye waɗanda iyayensu suka san abin da ake sayar musu. Allah ya jiƙan amininka Malam Isa, wanda ya bar maka amanar yaron nan.

Wassalam.

Hajiya Rabi, Maman Abba
Sparkbrook, Birmingham