Zango Biyu Daga Gidan Ubansa

Stapleton, New York
9 ga Maris

Zuwa ga Yaya Zuweira,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangijinmu, tare da fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigida Yacouba da yara da duk mutanen gida a Maraɗi. Yaya gwiwar Inna? Kullum tana cikin addu'armu, Allah ya sauƙaƙa mata, ya kuma ba ki ƙarfin hidimarta. Mu nan lafiya lau muke. Sanyi ya fara sakinmu, har jiya na fita ba safar hannu. Uwargida Aminatou tana nan da aikinta na kula da tsofaffi, ni kuma ina nan da motata, ina kai mutane ina dawo da su.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda alhali ga waya. Dalili shi ne, in na kira ki ba za ki bar ni in kai ƙarshe ba, kin san halinki, ni ma na san nawa. Kuma farin cikin da nake ciki ya fi ƙarfin minti goma. Amma kafin in kai ga daɗin sai na fara da abin da na ɓoye miki. Tun bayan Kirsimeti 'yarki Amal ta cire sunanta daga ajin baftisma. Duk lokacin da kika tambaye ni shirin Ista na ce miki ana nan ana yi, ƙarya nake yi, ki gafarta mini. Yarinya ce mai shekara goma sha bakwai, bana za ta gama sakandare ta tafi jami'a a wani gari, kuma na san in ta fita daga gidan nan da wannan zuciyar, da wuya ta sake taka ƙofar majami'a. Abin ya hana ni cin abinci da daɗi wata biyu.

Abin da ta ce shi ne, labaran Littafi Mai Tsarki sun yi mata kama da tatsuniya, komai yana faɗowa daidai lokacin da mai ba da labari yake buƙatarsa. Ta kawo misalin Yusufu. Ta ce ni da bakina na sha gaya mata cewa 'yan'uwansa sun jefa shi rijiya a tsakiyar hamada, inda za ka yi tafiyar wata guda ba ka ga ɗan Adam ba. To, ta yaya raƙuma za su ɓullo a irin wannan wuri daidai lokacin da suka zauna cin abinci? Na ce mata ikon Allah ne. Ta ce duk tambayar da ta yi mini tun tana ƙarama amsar ke nan. Yaya, raina ya ɓaci, na ɗaga murya, na ce makarantar Turawa ce ta lalata mata kai. Ta amsa da Turancin nan nasu mai sauri, ta shige ɗaki. Aminatou ta dube ni ta ce in da ihu yana kai mutum sama, da tuni na kwashe unguwar nan duka.

Asabar ɗin da ta wuce Aminatou ta aike mu Harlem, titi na 116 inda mutanenmu ke da shaguna, mu sayo mata turaren wuta da garin kuka. Yanzu na gane da gangan ta haɗa mu tafiya ɗaya. Muka hau jirgin ruwa, da yake unguwarmu a tsibiri take, sannan muka hau jirgin ƙarƙashin ƙasa. Shagon da muke sayen turare na Malam Tsoho ne, wani dattijo Musulmi mutumin Tanut, ya haura saba'in, yana sayar da lubban da ƙaro da tasbaha. Shekara goma muna tsokanar juna, yana ce mini ɗan Mishan, ina ce masa mai hayaƙi. A samartakarsa ya bi ayarin gishiri zuwa Bilma har sau bakwai tare da kawunsa wanda yake madugu. Da ya ga fuskokinmu sai ya tambaya wa ya rasu. Ni da ba na iya riƙe magana na zazzage masa komai, Amal tana tsaye kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Bai yi mata faɗa ba. Ya ce labarin Annabi Yusufu ai na kowa ne, su ma suna karanta shi, kuma tambayarta tambaya ce ta mai hankali, domin ayari ba ya yawo haka kawai. Ya tambaya ko akwai taswirar ƙasar. Kin san Littafina ba ya barin jakata, kuma a bayansa akwai taswirori masu launi waɗanda, in faɗa miki gaskiya, shekara talatin ban taɓa tsayawa na duba su ba. Na buɗe masa a kan teburin turare. Ya ce shi ba ya karanta boko, kada a gaya masa sunan gari ko ɗaya, Amal ta nuna masa abu uku kawai: ina ruwa, ina duwatsu, ina fili. Ta nuna masa teku a yamma, kogin Urdun a tsakiya, hamada a gabas, ta ce launin ƙasa-ƙasa tuddai ne, kore kuma kwari. Sannan ya ce ta ɗora yatsa inda fataken suka taso, wato Gileyad, da inda za su, wato Masar.

Daga nan sai ya ɗauko ashana. Ya tambaye ta wane tsawo ne a takardar yake daidai da kilomita talatin da 'yan kai, domin abin da raƙumi mai kaya yake ci a wuni ke nan, shi ne zango ɗaya. Ta duba ma'aunin da ke ƙasan taswirar, ya karya tsinken ashana daidai wannan tsawo. Ya fara aunawa, sai ya fashe da dariya har da tari. Ya ce wannan ce ƙasar da ake ta magana? Daga Dan can arewa zuwa Biyer-sheba a kudu tsinke bakwai ne da ɗan guntu. Yaya, daga Maraɗi zuwa Damagaram ke nan. Ƙasar Ibrahim da Dauda da annabawa duka, tafiyar da direbobinmu suke yi tsakanin karin kumallo da azahar. Daga Hebron inda Yakubu yake zaune zuwa inda 'ya'yansa suke kiwo, tsinke uku kacal.

Sai Malam Tsoho ya ajiye tsinken ya ce bari ya zama madugu. Ya ce raƙumi mai kaya ba ya son hawan dutse, kuma madugu ba ya kwana inda ba ruwa, don haka ba shi ne yake zaɓen hanya ba, ƙasa ce take zaɓa masa. Ya ɗora yatsansa a Gileyad, ya gangaro, ya haye kogi inda kwari ya buɗe, ya bi koren wuri yana kauce wa tuddai, ya sami wata 'yar kafa tsakanin duwatsu ya ratsa ta, ya fita bakin teku, ya miƙe kudu har Masar. Ya ce in shi ne da raƙuma ɗari, nan zai bi, ba shi da wata hanya. Amal ta sunkuya ta ce ya maimaita a hankali. Da yatsan ya zo wannan 'yar kafar sai ta riƙe masa hannu, ta karanta sunan da ke ƙarƙashin farcensa. Dotan ne, garin da aka jefa Yusufu a rijiya. Mutumin da bai iya karanta harafi ɗaya a takardar ba, ga shi ya bi ta kan garin. Ta zaro waya ta bincika, ta ce masana ma nan suka ce tsohuwar hanyar fatake ta bi. Ni kuwa sai na ji ina tafa hannu a shagon mutane, har wata mata 'yar Senegal ta leƙo.

Ya ƙara mana da cewa teku ta tare gefe ɗaya, hamada ta tare ɗaya, don haka duk mai kaya tsakanin Masar da ƙasashen arewa da gabas dole ya matse ta wannan siririyar ƙasa. Ya ce makiyayi kuma ya fi kowa sanin hanyar ayari, domin rijiyarsu ɗaya, kuma a nan yake sayar da nono da rago. A ganinsa, masu kiwo da suka zauna cin abinci a gefen irin wannan hanya ba su yi mamakin ganin raƙuma ba, in ma ba jiransu suke yi ba. Ya buɗe wata kwalba ya miƙa wa Amal ƙaro mai ƙanshi, ya ce irin kayan da fataken suka ɗauko ke nan, ga shi har yau ana cin abinci da shi a Harlem. Sannan ya tambaye ta wane ne ya ce mata a tsakiyar hamada abin ya faru. Sai ta turo baki wajena.

Yaya, ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Da muka dawo na karanta wurin sau uku, babu hamada babu tafiyar wata guda. Mu ne muka sa su. Haka marigayi Baba yake ba mu labarin a tsakar gida, domin shi da ya ji rijiya da raƙuma sai hamadar Tenere ta faɗo masa a rai, ni kuma na ɗauko na ƙara gishiri na ba 'yata. Ke ma kada ki yi mini dariya, na san haka kike koya wa yaran makarantar Lahadi, ki je ki gyara. A gaban Malam Tsoho na ce wa Amal ni ne na yi kuskure, na ba ta labarin ba daidai ba, kuma da ta yi tambaya na rufe ta da faɗa saboda ban san amsa ba. Maganar ta yi mini nauyi a baki, amma na faɗe ta. Dattijon ya ce yau ɗan Mishan ya yi wa'azin da ya fi kowanne.

Amal ta karɓi tsinken ta ci gaba da auna hanyar bakin teku da kanta, tana ƙirga zango da Hausa, ita da sai an matsa mata take yin ta. Ta samu kamar mako biyu ne zuwa Masar. Tana cikin haka sai ta tsaya. Ta juya tsinken ta auna daga hanyar zuwa tuddan da ke gabas, sau biyu ya shiga. Ta ce ashe ta kusa da gida aka wuce da Yusufu. Bayan kwana uku ko huɗu da sayar da shi, ayarin ya zo daidai da Hebron, tuddan garinsu suna hannun hagunsa, ubansa yana can zango biyu kacal bai san komai ba, shi kuma ba halin ya sauka. Malam Tsoho ya cire tabarau ya goge ido, ya ce rabonsa da Tanut shekara ashirin da shida, kuma rabin mutanen titin nan sun san abin da yaron ya ji.

A jirgin ruwa muna dawowa ta tambaye ni me nake tsammani Yusufu ya yi da ya hango tuddan nan. Na buɗe baki zan ba ta amsa kamar yadda na saba, sai na kama kaina, na ce ban sani ba. Can ta ce ita tana ganin a nan ne ya fara yin addu'a da bakinsa, domin kafin ranar duk abin da ya sani game da Allah daga bakin ubansa ya ji shi. Ta ce taswira ba ta nuna mata Allah ba, kuma har yanzu tana da tambayoyi cike da kwando, amma yanzu ta yarda mutum ne na gaske aka ja a kan hanya ta gaske, kuma tana so ta san Allahn da ya bi shi har Masar.

Jiya Lahadi bayan sujada na ga ta nufi wajen fasto ita kaɗai. Na tashi zan bi ta, Aminatou ta riƙe mini riga. Daga nesa na ga ya buɗe littafin ajin ya miƙa mata alƙalami. Wancan karon ni na rubuta sunanta ba tare da na tambaye ta ba, wannan karon ita ta rubuta da hannunta. Da ta dawo ta ce mini in yi haƙuri, ba don ni ta yi ba. Yaya, maganar ta ɗan sosa mini rai, kuma ban taɓa jin abin da ya faranta mini kamarta ba. Na fita waje na zauna a mota na yi kuka son raina.

Ki gaya wa Inna jikarta za ta shiga ruwa ranar Ista, ta sa mata albarka. Ki gaishe mini da Yacouba, da Sumaya da mijinta, da Mahamudu, ki ce masa ya riƙe karatu. Ki gaida matan zumunta da suka yi ta addu'a ba su san abin da suke roƙo a kai ba. Aminatou tana gaishe ku ƙwarai, Amal ma ta ce a gaida Gwaggo. Allah ya tsare ku, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ni ne ƙanenki,
Habibou