Darasin da Aka Soke

Baba,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar Inna? Ni lafiya lau, kada ku damu, barci ne dai ya ƙi.

Shugaban makarantarmu ya sa na tsara manhajar addini ta 'yan aji shida, sai ya soke darasin sallar gawa da jan biro, wai ba ya fitowa a jarrabawa. Na yi shiru, don ni baƙo ne. Shekaranjiya mahaifin ɗalibina mafi ƙwazo ya rasu, muka je jana'iza. Muna cikin sahu, yaron ya ja rigata, ya ce, "Malam, kabbara nawa ake yi?"

Baba, in na koyar, su kore ni. In na sake yin shiru, da wane ido zan dube ka? Don Allah ka faɗa mini abin yi.

Ɗanka.