Motar da Dumega Ta Guda

Faraku, watan Rajab 1951

Zuwa ga uwargidana Balki, a Kieshe.

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kina lahiya, ke da ɗiyanmu da Inna mahaifiyarki. Ni dai da sauƙi, in ban da bayan nan da tukunyar masu tuƙin kamiyo, manyan motocin kaya, ta karya mini. Na tsufa ina dafa wa baƙi shinkafa a garin da babu mai kiran sunan ubana.

Maganar motar abincinmu ta taso. Kin san burina: tukwane a baya, ke kina zuba dambu da shinkafa da wake, ni ina tuƙi, mu bi kasuwannin Arewa, mu kwana gida. Motoci biyu ke gabana. Sabuwa tana gidan kamfanin Nasara, tana walƙiya kamar amarya. Sai dai ba su ba baƙin mutum ita sai ya dangwala hannu zai yi musu jigilar gyaɗa har ranar da suka ce ya isa. Na ga waɗanda suka dangwala tun ina da baƙin gashi, har yau suna bisa hanya. Ba zan ce sun yaudari kowa ba, sun faɗi sharaɗinsu a fili.

Tsohuwar tana wurin Jibo, Bazabarme mai gyaran mota. Gwamnati ce ta sayar da ita. Tana tari, amma ƙashinta lahiya lau, kuma in na saye ta, tawa ce, gobe in nufo gida. Mi kika gani?

Mijinki, Ɗantani.

Faraku, watan Shawwal

Balki, barka da salla, ya ɗiya?

Saƙonki ya iso, cewa in zo ko a bisa jaki ne. Na sayi tsohuwar da duk abin da na tara.

Akwai abin da ba zan ɓoye miki ba. Da muka wanke bayanta sai na ga zobban ƙarfe a jere jikin katako. Na tambayi Jibo, bai yi mini ƙarya ba: ita ce motar da gardi, dogaran Nasara, ke kwasar samari zuwa aikin dole a yankin Dogon Dutsi. Na zauna ƙasa. Na tuna ƙanenki Sallau, da aka ɗauka ranar kasuwa da buhun gero a kansa, bai komo ba.

Jibo ya ce ƙarfe ba ya da laifi, kuma gaskiyarsa. Ya yarda in mayar masa da ita, amma sai ya samu mai saye, kuma babu. Na cire zobban, na shafe ta da kore, na kafa murhu a inda suke. Aikin dole ya mutu shekaru ke nan. Kada ki gaya wa Inna. Ina tafe bayan girbi.

Ɗantani.

Doso, watan Safar

Balki, ina gaishe ki. Na san labari ya riga takardata.

Na ce bari in gwada kasuwar Dumega kafin in iso, in shigo gida da albarkar ciniki. Na dafa shinkafa tun a hanya. Da na kusa, yashi ya riƙe motar, na taka, ta yi tarin nan nata mai kamar tsohon rago.

Balki, kasuwa ta watse. Samari suka faɗa cikin karan gero, har waɗanda ba su da gemu lokacin da abin ya faru. Mata suka bar ƙoren nono a ƙasa. Na tsaya bisa mota da ludayi ina kira, ni ne Ɗantani na Kieshe, abinci na kawo. Wata tsohuwa kaɗai ta matso. Ba ta dubi tukunya ba. Ta zagaya baya ta leƙa ciki, ta daɗe tana leƙe, sannan ta tambaye ni ko an fara komo da su ne.

Na shafe launin motar, na manta ba da ido suka san ta ba.

Ba su yi mini laifi ba. Da ni ne cikinsu, da na riga kowa shiga kara. Na zuba wa karnuka shinkafar, na juya. Ga hanyar Kieshe a gabana, amma Inna tana da kunne, kuma ba zan sa ta fito ƙofar gida da gudu tana zaton an komo da Sallau ba.

Zan koma Faraku in riƙa sayar wa masu kamiyo abinci a bisanta, tunda su ba su san muryarta ba, har Allah ya kawo mai saye. Ki ce wa Inna motar ta lalace. Ki ce wa ɗiya ina nan tafe, kada dai ki sa musu rana.

Mijinki, Ɗantani.