Mayafin da Hansatu ta ɗaga

Titiwangsa, Kuala Lumpur.

Zuwa ga Yaya Kalilu,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Allah ya ƙara sauƙin ƙafar nan. Mu nan lafiya lau, sai ruwan sama da ba ya gajiya.

Yaya, a kan 'yarka Ulfa na rubuto, don na ji ka ce ta tattaro ta dawo gida, ka kuma daina ɗaukar wayarta. Abin da aka gaya maka gaskiya ne, amma rabinta. Binciken digirinta na biyu a kan wani wasan talabijin ne na Amurka, labarin maza masu neman 'yan'uwansu maza, wanda aka ɗauko daga wani na Ingila. Aikinta ta jera su biyun, ta gano abin da aka zubar da abin da aka ƙara. A falona take yi, kuma saboda kunyata, in an zo wurin da bai kamata ba sai ta yafa wa kwamfutar mayafi. Ranar nan Hansatu, wata 'yar Kano da ke sayen kaya a wurina, ta zo zaɓen yadin da na saro a shagunan titin Jalan Tuanku Abdul Rahman, ta ɗauka mayafin na sayarwa ne, ta ɗaga, sai ta ga abin da ke kan kwamfutar. Kafin ta isa tashar jirgi saƙonta ya riga ya isa Kano. Raina ya ɓaci ƙwarai, har yau ban sayar mata da ko ɗankwali ba.

Ranar Talata Ulfa ta kare aikin, ina zaune a baya. Wani farfesa ya tambaye ta me ya kai 'yar Musulmi ga wannan. Ta ce ta taso tana ganin 'yan fim ɗinmu suna ɗauko labarin Indiya su sa masa hula da zani, shi ya sa take son sanin me labari ke yarwa in ya ƙetare ruwa. Ta ce a wannan an sauya gari, an sauya sunaye, an ja shi shekara biyar, amma ba a iya cire uwar da ta ƙi juya wa ɗanta baya ba. Malaman sun ba ta sakamako mai kyau, ni kuwa kaina ya kumbura, na yi ta share hawaye da gefen gyale.

Sallarta ba ta taɓa wuce ta ba a gidana, ni shaida ce. Na buɗe shafin farko na kundin, sunanka ne a wurin, kai da ka saya mata littafinta na farko. Ba ta san na gani ba. Za ta kira ka ranar Juma'a bayan an sauko, don Allah ka ɗauka.

Ka gaishe da Yaya Lailatu, da Umair, da Nuriyya.

Ƙanwarka,
Saudatu