Ranar da Zainabu Ta Zama Farfesa

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da Hajiya Binta da yara. Yaya ƙafar taka, ta yi sauƙi? Mu nan Madabo kowa lafiya lau.

Ranar Asabar na je jami'a sauraron laccar da Zainabun Yaya Aminu ta gabatar ta zama farfesa. Shekara da shekaru ina ce mata likita, ashe ko allura ba ta yi. Bincikenta a kan baƙi 'yan ƙasashen waje ne, abin da ya sa ciwo ya fi kayar da su alhali asibiti ɗaya muke zuwa.

Tana cikin bayani sai ta ajiye takarda ta koma Hausa. Ta ce, “Malamata ta farko tana nan.” Ta nuna Falmata, 'yar Chadin nan mai wankau da ta zauna gidanmu. Ta ce ta taɓa raka ta asibiti da jaririnta Adamu, suka wuni ba wanda ya tsaya ya fahimci maganarta don lokacin ba ta jin Hausa, kwana biyu yaron ya rasu.

Yaya, manyan malamai da rigunansu duk suka miƙe wa Falmata. Ta damƙe hannuna tana cewa, “Hajiya, me na yi?” Ni kuwa sai kuka.

Ka gaida mutanen gida. Ka sa Zainabu a addu'a, da Falmata, da Adamu, wanda ni ko sunansa na manta sai ranar.

Ƙanwarka,
Hadiza