Ƙuri'a a Haɓar Zane

Filinge, daren Lahadi

Komitin parti sun bar mini tsofaffin matan unguwa in koya musu zaɓe, su suna inuwa suna shan shayi. Raggaye! Yau munka yi gwaji da kwali a matsayin akwatin zaɓe. Inna Hajo ta jefa takardar 'yan adawa ciki, ta ƙulle mai hoton ɗan takararmu a haɓar zane.

Na ce, "Inna, kin kashe mu!"

Tac ce, "Kai marar kunya, wanda nike so zan jefar cikin akwati?"

Ashe duk niyyarsu ke nan! Na haɗiye zagi, na ce, "Irin gero a rumbu shike tsira, ko sai an binne shi?"

Ta harare ni, ta kwance ƙullin. Sauran sunka bi ta. Unguwar ga tamu ce.